Tsohuwar Kwalbar Giyar Porto: Yadda Ake Buɗe Ta, a Tsiyaye Ta, a Kai Ta Tebur

Kwalbar giyar Porto da aka rubuta wa Vintage takan yi shekara ashirin, talatin, wani lokaci har hamsin tana kwance a ɗaki mai duhu da sanyi, babu abin da ya same ta. A kwana biyun ƙarshe ake ɓata ta. A ɗauko ta da yamma a jefa bayan mota tana ta gangara, a zo a danna mata mabuɗi da ƙarfi matoshin ya ruguje ya zube ciki, sannan a juye a kofi, lakar da ta yi shekaru tana taruwa ta biyo. Mai sha ya kurɓa ya ji ɗaci da tsakuwa-tsakuwa a harshe, ya ce giyar ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau, hannun da ya buɗe ta ne ya yi gaggawa. Aikin gaba ɗaya abu guda ne, wato a raba giyar da lakarta ba tare da an tayar da ita ba, sannan a bar ta ta sha iska daidai gwargwadon shekarunta.

Tun farko a san da wa nake magana. Wannan giya ce, mai ƙarfi kuwa, barasar cikinta kashi 19 zuwa 22 cikin ɗari. Musulunci ya haramta ta, kuma a jihohin da ke bin shari'a kamar Kano da Zamfara doka ta hana sayar da ita. Jagorar ta manya ce waɗanda addininsu bai hana su ba, da kuma duk mai son sanin yadda mutanen arewacin Fotugal da abokan cinikinsu na Ingila ke tafiyar da wannan tsohuwar al'ada tasu.

Fara sanin abin da ke hannunka

Ba kowace kwalbar Porto ce ke buƙatar wannan hidima ba, saboda haka karanta takardar da ke jikinta tukuna.

A kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal ake noman inabin, a kan tsaunuka masu duwatsu da aka sassaƙa hawa-hawa. An shata iyakar yankin tun 1756, zamanin da Marquês de Pombal ke riƙe da ragamar mulkin Fotugal, kuma yau hukumar giyar Porto, IVDP, ce ke ɗanɗana kowace giya kafin ta amince a sa mata suna. Irin inabin da aka fi dogara da su su ne Touriga Nacional, Touriga Franca, Tinta Roriz, Tinta Barroca da Tinto Cão. A wasu gonakin har yanzu da ƙafa ake tattake inabin a cikin manyan kwamin dutse. Idan ruwan ya fara tsima ya yi kwana biyu ko uku, sai a zuba masa barasar inabi mai ƙarfin kashi 77, kimanin lita 115 a kan lita 435, abin da ke cika ganga ɗaya mai cin lita 550. Barasar nan takan kashe yis ɗin nan take, tsimar ta tsaya, sukarin inabin da bai ƙone ba ya zauna a ciki. Dalilin zaƙinta da ƙarfinta ke nan.

Mafi yawan giyar a ganga take tsufa, a rumbunan Vila Nova de Gaia da ke tsallaken kogi daga birnin Porto, kuma sai an tace ta tas kafin a zuba a kwalba. Idan ka ga an rubuta Ruby, ko Tawny mai shekara 10, 20, 30 ko 40, ko Colheita, to irin wannan ce. Buɗe ka zuba kawai, babu laka. Yawancinsu ma matoshinsu gajere ne mai kan roba da ake cirewa da hannu.

Vintage daban take. Inabin kaka ɗaya ne, kuma ba kowace shekara ake yin ta ba. Sai shekarar da gidan giyar ya ga ta yi fice yake shelanta ta, abin da kan faru kamar sau uku a shekara goma. Takan yi kimanin shekara biyu kacal a ganga, sai a zuba ta a kwalba ba a tace ba, a bar sauran tsufan ya faru a cikin gilashi. A tsawon shekarun nan, launinta da sinadarin da ke sa baki ya ɗaure sukan haɗu su yi nauyi su kwanta a gefen kwalbar, wani ɓangare kamar garin kofi, wani kuma fale-fale kamar ɓawo. Shekarun da masana suka fi yabawa sun haɗa da 1945, 1955, 1963, 1970, 1977, 1994, 2000, 2011 da 2017, gidajen da za ka fi cin karo da sunansu kuwa su ne Taylor's, Fonseca, Graham's, Dow's, Warre's, Croft, Niepoort da Quinta do Noval. Akwai wasu iri biyu da su ma ke tara laka kuma suke son a tsiyaye su: wadda aka rubuta wa Crusted, da LBV (Late Bottled Vintage, ta kaka ɗaya da ta fi Vintage daɗewa a ganga) wadda aka nuna a jikinta cewa ba a tace ta ba.

Duba lafiyar kwalbar

Kafin ka gayyaci kowa, haska wuyan kwalbar da tocila ka ga inda giyar ta tsaya. Idan tana cikin wuya ko a gindin wuya, madalla. Ga kwalbar da ta haura shekara arba'in, saukowa zuwa saman kafaɗa ba abin damuwa ba ne. Idan ta kai tsakiyar kafaɗa ko ƙasa da haka, matoshin ya daɗe yana yoyo, iska ta shiga, sai ka tanadi wata kwalbar a gefe ko da za a buƙace ta. Shafa murfin da yatsa. Danƙo-danƙo mai launin ƙasa alamar yoyo ce, haka ma matoshin da ya turo kai sama, wanda galibi zafi ne ke jawo shi.

Batun zafin nan ya shafi duk wanda aka kawo wa kwalba tsaraba daga Turai ya ajiye ta a ƙasarmu. Giyar tana son ɗaki mai digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyos, wanda ba ya hawa da sauka. Kwalbar da ta yi bazara biyu ko uku a kabad a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu ta riga ta dahu, ƙamshin 'ya'yan itacen ya tafi, saura zaƙi da zafin barasa. Wanda ke da irin wannan kwalba kada ya ce zai ci gaba da ajiya, ya buɗe ta da wuri.

Duba kuma ko akwai ɗigon farin fenti a ƙasan kwalbar. Masu rumbu ne ke sa shi don nuna gefen da ke kallon sama lokacin da take kwance, ka ga lakar tana ɗaya gefen ke nan. In babu fenti, gefen takarda ne saman, domin haka ake kwantar da kwalba. Riƙe wannan a ranka, zai yi amfani wajen zuba.

Tsayar da ita

Ɗauko ta a hankali kamar yadda take kwance, ka miƙar da ita sannu-sannu, ka tsayar a wuri mai sanyi da duhu inda ba wanda zai taɓa ta. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci. Ni na fi son kwana biyu ko uku, in kuwa ta yi doguwar tafiya a mota ko jirgi, a ba ta mako guda ko fiye. Lakar mai nauyi takan sauka cikin 'yan awoyi, amma akwai mai laushi kamar ƙura wadda ke daɗewa tana yawo, ita ce ke sa giya ta yi duhu-duhu a kofi kuma ta rage mata santsi. Tsayar da ita a ɗakin da za ka buɗe ta, a kan teburin da za ka yi aikin in da hali, don kada ka sake yawo da ita ranar.

Tanadi kayan aiki tun kafin lokacin: tulun gilashi mai tsabta, mazurari, farin ƙyalle shara-shara, ƙaramar wuƙa, tsumma mai laima, kyandir ko tocilar waya, da ƙaramin kofi ɗaya na ɗanɗano. In babu tulun da aka yi don giya, kowane jug na gilashi ya wadatar, muddin babu warin sabulu ko na abin da aka taɓa zubawa a ciki. Sunsuna shi da kyau. Shi ma ƙyallen a ɗauraye shi da tafasasshen ruwa zalla a shanya, domin ƙamshin sabulun wanki yana bin giya.

Matoshi, inda wahalar take

Yanke murfin da ke rufe da bakin kwalbar ka cire shi gaba ɗaya don ka ga matoshin ta cikin gilashi. Wasu tsofaffin kwalaben da kaki aka rufe su, sai ka bi shi da wuƙa kana ɓamɓarewa a hankali, ba tare da ka buga kwalbar ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka cika kafin shekarun 1990 murfinsu na dalma ne, saboda haka goge bakin da tsumma mai laima sosai, ka sake gogewa. In ka tarar da fumfuna a saman matoshin kada gabanka ya faɗi, laimar rumbu ce, ba ta shiga ciki.

Matoshin ɓawon wani itace ne, kuma shekara talatin yana jiƙe da giya mai sukari da barasa sukan mayar da shi lugub. Ga wata matsalar: wuyan tsofaffin kwalaben Porto yakan buɗe ta ƙasa, sai gindin matoshin ya kumbura ya fi bakin kwalbar faɗi. Shi ya sa yake yawan karyewa biyu, saman ya fito, gindin ya tsaya.

Ga kwalbar da ba ta kai shekara ashirin ba, mabuɗin nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ma'aikatan otal ke sa wa a aljihu ya isa, in dai ƙarfen dogo ne. Kafa shi a tsakiya daidai, murɗa har ya kusa fita ta ƙasa, sannan ka ja sama a miƙe, kaɗan-kaɗan. Kada ka yi amfani da mabuɗi mai fukafukai biyu wanda ƙarfensa ke da kauri kamar kusa, yana fasa tsohon matoshi ne kawai.

Da zarar ta haura shekara ashirin da biyar, mabuɗi mai harshe biyu ya fi, wanda ake kira Ah-So. Shi ba ya huda matoshin. Zura dogon harshen tsakanin matoshi da gilashi, sannan gajeren a ɗaya gefen, ka riƙa karkata hannun hagu da dama suna nutsewa da kansu. Kada ka danna ƙasa kai tsaye, in ka yi haka matoshin zai faɗa ciki. Idan sun shige duka, sai ka riƙa juyawa kana ja sama a lokaci guda. Akwai wani mabuɗi mai suna Durand da ya haɗa dabarun biyu, murɗaɗɗen ƙarfe ya riƙe tsakiya, harsunan biyu su rungumi gefe. Yana da tsada, amma ga mai yawan buɗe tsofaffin kwalabe ya ci kuɗinsa.

In ya karye, tsaya ka numfasa. Karkata murɗaɗɗen ƙarfen ka kafa shi a ragowar a gicciye, ka danna shi jikin gilashi kana ja. In ya ƙi, tura ragowar ciki a hankali da bayan cokali, ƙyallen zai tare burbushin wajen zuba. Burbushin matoshi ba ya ɓata ɗanɗanon giya, ai shekaru suka yi tare. Abin da ke ɓata ta shi ne jijjiga kwalbar da mutum ke yi cikin fushi yana kokawa da matoshin.

Akwai hanya ta uku, wadda ita ce ta gargajiya a Douro, kuma a ganina ita ta fi dacewa da kwalbar da ta haura shekara arba'in: a bar matoshin inda yake a yanke wuyan kwalbar da awartaki mai zafi. Awartakin na musamman ne, dogo, bakinsa zobe ne da ke kama wuyan kwalba cif. Ana sa bakin a garwashi ko a wutar gas har ya yi jajir. Sai a kama wuyan da shi daidai kusa da ƙarshen matoshin, ɗan sama da gindinsa, inda giya ba ta taɓa gilashin. A riƙe minti ɗaya zuwa biyu, ana ɗan juya shi don zafin ya zagaye ko'ina. A cire, a ajiye shi kan dutse ko ƙarfe nesa da mutane, nan take a shafa wurin da gashin tsuntsu ko ƙaramin buroshi da aka tsoma a ruwan ƙanƙara. Za ka ji ɗan ƙara, ƙas. Gilashin da ya yi zafi ya haɗu da sanyi farat ɗaya ya tsage a zagaye. Kama saman da tsumma ka ɗaga a hankali, zai taho da matoshin a cikinsa. In bai tsage ba, awartakin ne bai yi zafi sosai ba, mayar da shi wuta ka sake.

Wannan aiki ne na wuta da fasasshen gilashi, ba a yin sa kusa da yara, ba a kuma yin sa bayan an riga an sha wani abu. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada da kwalabe marasa komai tukuna. Kuma dole ne a tace giyar da ƙyalle bayan haka, ko da yankan ya fita sumul. Bakin da aka yanke yana da kaifi, wasu sukan tsoma shi a narkakken kaki in za a ajiye kwalbar a tebur.

Wani amfanin awartaki shi ne matoshin yakan fito lafiya, kuma a jikinsa ake buga sunan gidan giyar da shekarar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsofaffin kwalabe. Har zuwa giyar kakar 1970, da yawa a ganga ake kai ta Ingila, 'yan kasuwar can su zuba a kwalabensu, kuma takardun da yawa laima ta cinye su. Sau da yawa matoshin ne kaɗai shaidar abin da ke ciki.

Tsiyayewa

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tsiyaye ruwan da ke saman gasara bayan ta kwanta ya riga ya san aikin nan: hannu ɗaya, motsi ɗaya, ba a tsayawa a tsakiya, ba a mayar da ƙwarya a sake karkatawa.

Sake goge bakin kwalbar ciki da waje. Ɗora mazurari a bakin tulun, ka shimfiɗa ƙyallen a ciki ninki biyu. Kunna kyandir ko ka kwantar da waya fitilarta na kallon sama, ta yadda hasken zai ratsa kafaɗar kwalbar lokacin da kake zuba. In kyandir ne, a bayan kwalbar zai tsaya, kada harshen wutar ya riƙa lasar gilashin. Ɗaga kwalbar, gefen farin fentin ko na takarda yana sama, ka karkata ta a hankali har giyar ta fara gudana siririya. Kada ka bari ta riƙa yin ɓul-ɓul, domin kowane kumfan iska da ya koma ciki yana tayar da laka. Idonka a kan kafaɗa. Minti biyu ko uku aikin zai ci. Can wajen ƙarshe za ka ga wani baƙin zare ya fara tahowa ta ƙasa zuwa wuya. Da ka gan shi, tsaya.

Abin da zai rage a kwalbar bai wuce kaurin yatsa biyu ba. Kada ka yi kwaɗayinsa ka juye a tulu, wannan ɗan ragowar ya isa ya gurɓata duk abin da ka sha wahalar tacewa. Juye shi a wani kofi dabam ta cikin ƙyallen, ka bar shi ya kwanta. Masu girki kan zuba shi a romon naman sa ko na rago.

Kwalaben Porto da yawa gilashinsu baƙi ne wuluk, haske ba ya ratsa su. In ka haɗu da irin wannan, sai ka sa ido a kan giyar da ke sauka kan farin ƙyallen, da ta fara barin baƙin gari ka dakata. Wasu kan tace da takardar tace kofi. Ni ban so, tana jan lokaci kuma takan bar warin takarda, sai dai in lakar ta riga ta tashi babu yadda za a yi.

In kana son baƙi su ga kwalbar, ɗauraye ta da ruwa zalla har sai ya fito fari, ka kife ta ta tsane, ka mayar da giyar ciki. Wannan ma ita ce dabarar wanda zai kai giyar gidan wani: a tsiyaye a gida, a tafi da ita babu laka.

Yanzu zuba kaɗan a ƙaramin kofin ka sunsuna. Tsohuwar giya takan fito da ɗan warin rufaffen ɗaki ko zafin barasa mai hawa hanci, wannan iska za ta kore shi. Wanda ba ya tafiya shi ne warin jiƙaƙƙen kwali, alamar matoshin ya kamu da sinadarin da ake kira TCA, kuma ƙaruwa yake yi da lokaci. Haka ma tsami mai kaifi irin na ruwan goge jan farce idan ya yi yawa. Waɗannan biyun ba su da magani.

Awa nawa za ta yi a tulu

A nan ne masana suka fi saɓani, kuma babu ƙa'idar da ta dace da kowace kwalba. Abin da aka yarda da shi shi ne, ƙaramar giya tana son iska da yawa, tsohuwa kuwa kaɗan take ɗauka kafin ƙamshinta ya fara gudu. Ga yadda nake lissafi. Wadda ba ta kai shekara ashirin ba, kamar 2011, a ba ta awa shida zuwa goma, ba abin da zai same ta. Mai shekara ashirin zuwa arba'in, kamar 1994, awa uku zuwa biyar. Irin su 1977 da 1970, awa biyu zuwa uku. Daga 1963 zuwa baya, awa ɗaya ta isa a fara, sauran ta ƙarasa buɗewa a kofi. Gidajen da giyarsu ke da ƙarfi da ɗaurin baki, kamar Taylor's da Dow's, sukan jure fiye da haka.

Ka yi lissafin daga baya. In za a zauna cin abinci ƙarfe takwas na dare, Porto ba za ta zo tebur ba sai wajen goma, saboda haka kwalbar 1994 a tsiyaye ta da misalin ƙarfe shida. Kuma ka riƙa komawa kana sunsunawa duk bayan awa guda. In ka ji ta buɗe tun kafin lokaci, rufe bakin tulun ka kai shi wuri mai sanyi. Gara a yi kuskure ta wajen ƙarancin iska, domin wannan ana gyara shi da juya kofi, wadda ta sha iska fiye da kima kuwa ba ta dawowa.

Sanyi da kofi

Digiri 16 zuwa 18 ake so. Da ta haura 20, barasar ce ke fara isa hanci ta danne komai, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. A ɗaki mai ɗumi, sa tulun a firiji minti ashirin zuwa talatin kafin a kai tebur. Ƙanƙara ba ta shiga cikinta.

Ƙananan kofunan nan masu kama da murfin kwalba da ake cikawa fal ba su da amfani, babu inda ƙamshi zai taru. Nemi kofi mai ƙafa, mai ɗan ciki, wanda bakinsa ya tsuke. Hukumar giyar Porto tana da nata kofin wanda shahararren mai zanen gine-ginen nan na Fotugal, Álvaro Siza Vieira, ya tsara, amma kofin farar giyar inabi na yau da kullum ya wadatar. Zuba mililita 60 zuwa 75, kada ya wuce sulusin kofin. Kwalba ɗaya mai mililita 750, bayan an cire laka, takan ba da kofi tara zuwa goma sha ɗaya, wato ta mutum shida ce zuwa takwas, ba ta mutum biyu ba.

Karkata kofin a kan farin abu ka dubi launi. Ƙarama baƙa ce mai shuɗi-shuɗi har gefe, mai shekara talatin ja ce mai haske, tsohuwa kuwa gefenta yakan koma launin jan bulo. Sunsuna kafin ka juya kofin, sannan ka juya ka sake. A ƙarama za ka ji 'ya'yan itace baƙaƙe da cakulan da masoro. A tsohuwa sun koma busasshen ɓaure, zabibi, kanumfari, kofi, wani lokaci da ɗan sanyin na'a-na'a. Akwai kuma ƙamshin ƙaro na wani ɗan tsiro mai danƙo da ke cika tsaunukan Douro, wanda mutanen can ke kira esteva, suna kuma gane giyar ƙasarsu da shi. Kurɓi kaɗan ka bar ta a baki. Giyar kirki ana gane ta ne da yadda ɗanɗanonta ke daɗewa bayan an haɗiye, da yadda zaƙi, tsami da barasa suka haɗu ba wanda ya fito shi kaɗai. Kofi ɗaya ya kamata ya kai rabin awa, domin abin da ka ji a farko ba shi za ka ji a ƙarshe ba.

A tebur

Bayan abinci ake shan ta. Mutanen Ingila da cukun Stilton mai gishiri suke haɗa ta, a Fotugal kuwa da cukun madarar tumaki na Serra da Estrela. Gishirin cuku da zaƙin giya suna tafiya tare, wannan gaskiya ne ga giya mai ƙuruciya. Amma idan kwalbar ta haura shekara arba'in, ni ina ganin cuku mai ƙarfin wari zalunci ne a gare ta. Busasshen ɓaure, dabino mara zaƙi sosai, ko 'yar gyaɗar walnat sun isa, ko ma a bar ta ita kaɗai. Hayaƙin taba da turare mai ƙarfi su ma suna kashe ƙamshin. Tsofaffin 'yan kasuwar Ingila da ke Porto sun ɗauki wannan da muhimmanci har gidan taronsu, Feitoria Inglesa, wanda aka kammala a 1790, yana da ɗakin cin abinci biyu a jere: a ci a ɗaya, a tashi a koma ɗayan a sha giyar inda babu warin abinci.

Al'adar zagayawa da tulu ita ma daga Ingila take. Mai gida ya zuba wa wanda ke damansa, ya zuba wa kansa, ya miƙa wa na hagunsa. Kowa ya zuba ya miƙa hagu, har tulun ya dawo inda ya fito. Wanda ba ya sha ya wuce da shi kawai, ba a tambayarsa dalili. In tulun ya maƙale gaban wani, ba a cewa ya miƙo, sai a tambaye shi ko ya san Bishop na Norwich. In ya ce bai san shi ba, a ce masa mutumin kirki ne, sai dai yana mance miƙa giya. Har akwai wani tulu mai zagayayyen gindi, Hoggit, wanda ba ya zama a tebur sai a kan mazauninsa da ke gaban mai gida, don kada ya tsaya a hanya.

Zaƙinta yana ɓoye ƙarfinta. Kofi mai mililita 75 yana ɗauke da mililita 15 na barasa zalla, kusan daidai da ƙaramin kofin giyar inabi ta abinci, ga sukari kimanin giram 100 a kowace lita. Kofi ɗaya ko biyu, da ruwa a gefe. Mai juna biyu da mai tuƙi ba nasu ba ne, mai ciwon sukari ko na hanta ko mai shan magani kuma ya bi maganar likitansa.

Abin da ya rage

Mutane da yawa sun ɗauka Porto tana yin watanni a buɗe. Tawny ce ke jure makonni, domin ta saba da iska a ganga. Vintage ba ta saba ba. Wadda ta haura shekara arba'in a shanye ta daren, ko washegari. Mai shekara ashirin zuwa talatin takan yi kwana biyu ko uku, ƙarama ta ɗan fi haka. Juye ragowar a ƙaramar kwalba mai tsabta wadda za ta cika har wuya, ka toshe ka sa a firiji, ka fito da ita rabin awa kafin a sha. Kada ka bar ta kwanaki a tulun kiristal na da, domin irin wannan gilashin akwai dalma a cikinsa kuma giya tana jawo ta. Shi kuwa tulun, ɗauraye shi da ruwan ɗumi a daren kafin jan ya kama gindinsa, ban da sabulu, ka kife shi ya bushe.